Neman asali irin na talabijin: zai yiwu ga Bahaushen Sudan?

Wata ɗiyarmu daga Gadarif, a gabashin Sudan, ce ta aiko da tambaya. Ta ce tana kallon guntayen shirye-shiryen Turawa a waya, inda ake ɗauko fitaccen ɗan wasa ko mawaƙi a bi masa asalinsa kaka da kakanni, a shimfiɗa masa takardu har ya fashe da kuka. Tana so ta san ko abin gaskiya ne ko shiri ne kawai, ko za a iya yi wa irinmu, kuma ko ta nemi gwajin nan na DNA, wato na ƙwayoyin halittar gado, domin kakarta ta ce musu su mutanen Sakkwato ne da suka zo tare da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi da ya kawo masu hijira Sudan.

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na daɗe ina koyar da tarihi, kuma hutun makaranta da yawa na ƙarar da shi ina yawo da rikoda a ƙauyukan Sinnar da Jazira, ina zama gaban tsofaffi har ƙafata ta yi tsami. Saboda haka tambayarki ta taɓa ni a inda nake jin ƙaiƙayi.

Takardun da kike gani a shirye-shiryen nan na gaske ne. Babban cikinsu shi ne na BBC mai suna Who Do You Think You Are?, wanda aka fara a 2004, sai na Amurka, Finding Your Roots, wanda Farfesa Henry Louis Gates na Jami'ar Harvard yake gabatarwa tun 2012. Amma kada kukan ya ruɗe ki. Kafin a kunna kyamara, masu bincike sun yi makonni ko watanni suna tono, sun riga sun san abin da ke cikin kowane kundi. Baƙon ne kawai ba a gaya masa ba, don a kama mamakinsa ɗanye. Kuma ba kowa ake nunawa ba. Michael Parkinson, shahararren mai hira da mutane a talabijin ɗin Ingila, shi da bakinsa ya ce an bincika danginsa aka tarar da masu haƙar kwal da leburori, sai aka ce labarin ba shi da armashi, aka fasa. A 2015 kuma asiri ya tonu cewa ɗan fim Ben Affleck ya roƙi a cire batun wani kakansa mai mallakar bayi, kuma batun bai fito a shirin ba, har tashar PBS ta jinkirta zango na gaba. To kin ga akwai zaɓe, akwai almakashi.

Har wanda ya fi burge mutane, wato ɗan fim ɗin Ingila Danny Dyer da aka nuna masa a 2016 cewa jikan Sarki Edward na Uku ne, lissafi kaɗan ya isa ya rage masa gishiri. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In kika hau hawa 10 kin kai 1,024, hawa 20 kuwa kin wuce miliyan ɗaya. Sarkin nan ya rasu a 1377. Duk Baturen Ingila da ya hau wannan tsani sai ya yi karo da sarki a wani reshe. Abin da Dyer ya fi maƙwabcinsa da shi takarda ce kawai.

Takardar nan ita ce duk sirrin. A Ingila coci-coci suna rubuta wankan jarirai da aure da binnewa tun 1538. Gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837. Ƙidayar da ke ɗauke da sunan kowa a gida ta fara a 1841, ana maimaita ta duk shekara goma, ana buɗe wa jama'a bayan shekara ɗari. Amurka tana buɗe tata bayan shekara 72. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga sunan kakan kakansa da sana'arsa da lambar gidansa. Amma dubi baƙaƙen Amurka: yawancinsu bincike yana cijewa a 1870, don ita ce ƙidayar farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Kafin nan adadi ne su a ƙarƙashin sunan ubangida. Halinmu ya fi kama da nasu fiye da na Turawan, ko da yake dalilin daban ne.

Ki tambayi kanki, wa ya rubuta sunan kakanninmu? Sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da niyyar hajji, suka bi ta Barno, Fort Lami, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, wasu shekara biyu a hanya, wasu bakwai, suna noma a nan, suna dako a can. Jami'in Turawa da ke bakin iyaka ƙirga kawuna ya dame shi da allurar rigakafi. A rahotanninsu za ki ga "Fallata" ko "Takarir", wato mutanenmu na yammacin Afirka, kaza sun wuce a wata kaza. A Jazira, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, littattafan hukumar auduga da ke Barakat suna riƙe da sunan mai hawasha, wato wanda aka ba gona. Da yawa daga cikin namu kuwa ba su da hawasha, 'yan ƙodago ne da masu noman raba-daidai da ke zaune a kambo, wato sansanin leburori, su suka tsinci audugar amma alƙalami bai san su ba. Ƙidayar farko ta ƙasar gaba ɗaya sai 1955 zuwa 1956 aka yi ta.

Inda takarda ta samu ma, sai kin karanta ta da ido biyu. Ki duba takardun dattawan gidanku, za ki ga rabinsu an haife su ranar 1 ga Janairu. Ba haihuwa ba ce, tasnin ne: likita ya dubi mutum ya ƙiyasta shekarunsa. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne maganar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar 1957 da ta biyo bayanta, sun sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ki lura da wannan shekara da kyau. Kusan duk babban kwararowar mutanenmu bayanta ta faru. Daga baya aka sassauta, har dokar 1994 ta kawo ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan tsara guda ta rayu cikin tsoron a ce mata baƙuwa. Me mutum zai yi in makarantar ɗansa da aikinsa da gonarsa sun rataya a kan takarda ɗaya? Wani ya ce a Darfur aka haifi ubansa. Wani ya mayar da zuwan gidansu zamanin Mahadin Sudan, kafin wannan shekara. Wani Tanko ya zama Abdullahi, wani ya ari sunan kakan maƙwabcinsa don ya cika sunaye huɗu da takardar ke nema. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Sai dai ki sani, sunan kaka na uku da na huɗu a takardar jinsiyya ba hujja ba ce sai kin samu wani abin da ya gaskata shi. A talabijin takarda ce ke gyara labarin baka. A wurinmu sau da yawa labarin baka ne ke gyara takarda.

Yanzu maganar kakarki da Mai Wurno. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne: Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, a Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka sauka wajen garin Shehu Talha a bakin Shuɗin Nilu, sannan aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906. Yana iya yiwuwa ƙwarai gidanku na cikinsu. Amma zan gaya miki abin da na gani da idona: in za a gaskata duk gidan da ya ce da ayarin Mai Wurno ya zo, to ba a bar kowa a Sakkwato ba. Garin ya zama masaukin duk mai zuwa daga yamma shekaru da yawa bayan haka. Wanda ya iso a 1935 ya sauka a can, ya yi aure a can, jikokinsa kuma suka taso suna jin "mu mutanen Mai Wurno ne". Ba ƙarya suka yi ba. Zuwa wurin Mai Wurno ne ya rikiɗe a baki ya zama zuwa tare da Mai Wurno.

Rarrabewa ba wuya. Ki ƙirga tsara, ki ba kowace kimanin shekara 30. In wanda ya taso daga Hausa uban kakarki ne kuma ya zo yana saurayi, kakarki kuwa tana da shekara 70, to 1903 ya yi masa nisa sai in ya haife ta da tsufa. Sannan ki saurari abin hawa a cikin labarin. In aka ce sun hau jirgin ƙasa a Ubayyid, to bayan 1912 ne, don a lokacin dogo ya isa can. In da babbar mota suka keto daga Maiduguri, labarin ya ƙara matsowa kusa. In aka ce ya yi aikin ginin madatsa, kin samu farkon shekarun 1920. In noman dawa da tarakta ne ya jawo shi Gadarif, to daga shekarun 1940 ne zuwa sama. Haka sarakuna: wanda ya bar Kano "zamanin Abbas" ya taso tsakanin 1903 da 1919, "zamanin Abdullahi Bayero" kuwa daga 1926 zuwa 1953. Yunwar Kakalaba tana nuna 1913 zuwa 1914. Wanda ya ce kakansa ya ga Sanat Sitta a nan Sudan, wato yunwar 1306 ta Hijira, to shi kam tun zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, gidansu ke nan. Tsoho ba ya riƙe shekara, amma ba ya manta yunwa da ambaliya da sarki.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ki ɗauka. Kundinki yana nan zaune a kan angarib, gadon igiya, yana jan carbi, kuma ba shi da kwafi na biyu. Sai dai zama da tsohuwa fasaha ce. In kika ce mata "Kaka, faɗa mini asalinmu", za ta ba ki jimlar nan guda da ta saba bayarwa, ta rufe. Kada ki tambayi asali. Ki tambayi wa ya yi mata kitson aure, wace ce uwar ɗakinta, wa ya raɗa mata suna kuma sunan wa aka mayar. Sunan da aka mayar yakan fito miki da kakar da kowa ya manta. Ki tambayi irin askar da ke fuskar ubanta, ta zana miki a ƙasa, don zanen Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Barebari daban, kuma aska ba ta san dokar jinsiyya ba. Ki tambayi su wa suke wasa da su. Gidan da ke tsokanar Zagezagi akwai ƙanshin Kano a jikinsa, wanda abokan wasansa Barebari ne ki nemi Fulani a ciki. Ki tambayi sana'ar gado: rini, jima, ƙira, fawa, wanzanci, malanta. Ki sa ta yi miki waƙar da uwarta ke yi in tana daka ko niƙa, da kirarin da ake yi wa gidan ranar biki. Na taɓa zama kwana uku da wata tsohuwa a wani ƙauye kudu da Sinnar, ba abin da na samu sai "daga Hausa muka zo". Ranar da zan tafi tana rarrashin jikanta da waƙa, sai ga sunan wani ƙaramin gari na ƙasar Katsina ya faɗo a cikin waƙar. Ita kanta ba ta san gari ba ne, ta ɗauka kalmar rarrashi ce.

Ki kuma tuna da kunya. Kakarki ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta ambaci na ɗan farinta ba, wataƙila har na surukanta. Za ki ji Malam, Maigida, Mai Sunan Malam. Kada ki matsa mata, ki nemi sunan a bakin ƙanwar mijin ko wata kishiya. Kuma mutum ɗaya kan zo miki da suna uku: na yanka, da laƙabi irin su Ɗanladi ko Talle ko Cindo, da wanda Larabawan gari suka laƙaba masa. Na ga ɗalibin da ya zana mutum guda a matsayin 'yan'uwa uku. Ki tambayi mata fiye da maza. Maza sukan ba ki layin uba a miƙe, a goge, ya ƙare a kan malami ko basarake. Mata su ke riƙe da wa ya auri wa, wa aka saka, wa aka ba riƙo, wa ya tafi Makka bai dawo ba. Kuma ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don in suna tare babbar ce za ta yi magana sauran su ce haka ne.

Akwai wani abu mai ɗaci da yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya kawo. Tun da birnin Madani na Jazira ya faɗa hannun mayaƙa a Disambar 2023, sannan rikici ya kai yankin Sinnar, Gadarif ta karɓi tsofaffi daga garuruwa da yawa waɗanda a da sai kin yi tafiyar kwanaki kafin ki gan su. Duk wanda ki ka samu kusa da ke, ki gaishe shi ki zauna.

Bayan baki sai adaka. Ki roƙi a buɗe miki gafakar kakanku. Alƙur'ani rubutun hannu yakan ɗauki sunan marubuci da na ubansa a ƙarshe, wani lokaci da garinsu. Ijazar karatu ko ta ɗariƙa tana jero malamai, kuma malamin farko yakan nuna garin da aka taso. Wasiƙun ajami da alhazai ke kawowa suna farawa da gaisuwa ga wane da wane, wato jerin dangi kyauta. Ga gasima, wato takardar aure, ga takardar rabon gado ta kotun shari'a wadda ke lissafa magada, ga tsohon fasfon hajji mai hatimi. Ki ɗauki hoton kowace, gaba da baya, ki aika wa mutum biyu a garuruwa daban. Mun ga yadda gida ke zama toka a yini ɗaya.

Manyan ma'ajiyoyi suna da amfani, amma don fahimtar zamani, ba don samun sunan kakanki ba, sai in shi sarki ne ko shehi ko wanda ya tayar wa Turawa hankali. Akwai Darul Wasa'iƙ, ma'ajiyar takardun ƙasa ta Khartum, wadda ba zan ce ki ɗora shirinki a kanta ba tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Akwai ma'ajiyar Sudan da ke Jami'ar Durham a Ingila, da ma'ajiyar ƙasa ta Kaduna, da Gidan Arewa. A tsakiyar shekarun 1920 gwamnatin Najeriya ta turo jami'inta Lethem ya zagaya matsugunan mutanenmu a Sudan, don tsoron Mahadiyanci, kuma abin da ya rubuta yana ba da hoton garuruwan da shugabanninsu.

Kada ki manta da reshen da ya ƙetare teku daga Sawakin. Kusan kowane gida yana da wanda ya kai Makka ya zauna. Su ne Hausawi da Fallata da Barnawi na Hijaz a yau. A tawagar ƙwallon Saudiyya ta gasar duniya ta 2018 akwai Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Da ni ke da kuɗin shirya irin shirin da kike kallo, da A'isha Falatiya zan fara, mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman, 'yar malami mai asali daga ƙasar Sakkwato, wadda ta yi waƙa da Larabci da Hausa ta rasu a 1974. Amma ba a ɗakin karatu za a ɗauki shirin ba, a tsakar gidaje za a ɗauke shi.

Sai gwajin DNA. Ban ce ƙarya ba ne. Oprah Winfrey, baƙar Ba'amurkiya mai shirin talabijin, ta daɗe tana cewa ita Bazuluwa ce, gwaji a 2006 ya nuna layin uwarta ya fi kusa da Kpelle na Laberiya. Ga wanda bauta ta yanke masa komai, wannan babban abu ne. Ke kuwa kin san yarenki, kin san yankinki. Gwajin zai ce miki kaso kaza Najeriya, kaso kaza Mali ko Chadi, abin da kakarki ta riga ta gaya miki ba ko sisi. Ba zai bambance Kano da Katsina ba, balle ya ce kin zo da ayarin wane. Kamfanonin suna kwatanta ki da samfurin mutanen da suke da shi, kuma samfurin Najeriya da aka fi tarawa na mutanen kudu ne. Gwajin layin uba, wanda namiji kaɗai ke iya yi, da na layin uwa, kowannensu zare ɗaya yake bi cikin zaruruwa 1,024 ɗin nan. Wanda ke nemo dangi kuwa yana aiki ne zuwa hawa biyar ko shida, kuma sai in dangin su ma sun yi gwajin. Ga auren zumunta da ke sa ɗan'uwa na nesa ya fito kamar na kusa.

Kuma yana da haƙora. Yakan fallasa abin da ba ki tambaya ba, ya ce wane ba ɗan wane ba ne, alhali shari'a ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta hana amfani da shi don binciken nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Bayan haka bayanan jininki suna zama a hannun kamfani: an yi wa kamfanin gwajin 23andMe kutse a 2023, ya kuma shiga kotun fatara a 2025. Ni dai da kuɗin zan sayi ƙaramin katin ajiya na waya da sukari da bunnu, wato 'ya'yan gahawa, in kai wa tsofaffi.

Ki shirya wa abin da ba ki so. John Hurt, ɗan fim na Ingila, ya shiga shirin BBC da tabbacin cewa yana da jinin wani babban basarake na Ayalan, bincike ya rushe labarin, ransa ya ɓaci a gaban kyamara. Mu ma gidaje da yawa za su nemi sharifi su tarar da majemi. Wasu za su tarar da bawa da ya bi ubangidansa hijira, ko yarinyar da aka bayar a hanya don a samu guzuri, ko kuma kakan da shi ne mai bayin. In kin ci karo da irin wannan, ba naki ba ne ke kaɗai, kada ki sa a Facebook kafin manyan gida su sani. Kin kuma san rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a 2022, kin san kalmar "daga ina kuka zo" ba wasa ba ce a ƙasar nan. Abin da kika rubuta don 'ya'yanki daban, abin da kika baza wa duniya daban.

Ki samu littafi mai kauri, kowane mutum shafinsa, kowace magana ki rubuta wa ya faɗa da ranar da ya faɗa, ko da ta saɓa wa ta jiya. Kada ki goge ɗaya don ɗaya. Ranar Juma'a in an sauko, ki dafa wa kakarki jabana, wato gahawa, ki ajiye wayar a gefe tana ɗauka bayan kin nemi izininta, ki ce ta gaya miki sunan wa aka mayar mata.